Ƙodar Isiyaka da Bakin Dangi

Mijina Isiyaka ya rasu da ciwon ƙoda a ɗakinmu na haya da ke unguwar Nima a Accra, ƙasa da babbar gota mai kwashe ruwan unguwa. Na fara da wannan ne domin har yau akwai masu cewa ba a san abin da ya kashe shi ba, suna faɗa suna leƙena ta wutsiyar ido. An sani. Ƙoda ce. Abin da ba a sani ba shi ne abin da ya kashe ƙodar, kuma a kan wannan nake so matan da mazansu ke fita aikin gona su saurare ni, ko da ba sa sona.

Sunana Adiza. Wakye, wato dafaffen wake da shinkafa, nake sayarwa a bakin titi tun kafin in yi aure, duk wanda ya saba shiga trotro, motar haya, da safe a wajenmu ya san tukunyata. Isiyaka kuwa birkila ne. Ya tafi Legas neman kuɗi, aka koro su tare da sauran baƙi 'yan ƙasarmu, ya dawo da rediyo da tabarma, ya tarar da ƙasa ta bushe, wuta ta cinye daji, mutane na bin layin kenke, tuwon masarar nan mai tsami, tun yana ɗanye. Ba mai yin gini a shekarar yunwa. Sai wani Alhaji na unguwar Maamobi, wanda ya tara dukiyarsa da kalabule, wato ɓoye kaya a sayar da tsada, lokacin da sukari da sabulu suka ɓace a kasuwa, ya sami fili can wajen kogi ya ce zai yi noman rani, shinkafa da albasa da tumatir. Aka yi ta yaba masa a ƙofar masallaci, wai ya taimaki talakawa. Isiyaka na cikin waɗanda aka taimaka.

Yakan yi makonni a can, ya dawo ya ɗan huta, ya koma. Yana ba mu labarin aikin yana dariya. Tun rana ba ta fito ba har ta take tsaka suna cikin fadama, babu inuwa, domin an sare duk bishiyar da ke wurin. Shi ne mai feshi, saboda ya fi kowa ƙarfi. Tankin da yake goyawa yana yoyo, maganin ƙwari ya jiƙa masa baya, ya bushe, ya sake jiƙawa. In ƙishi ya kama su sai su durƙusa su kamfaci ruwan da aka janyo daga kogi, wanda ya riga ya ratsa ta cikin shinkafa. Galan ɗin magani in ya ƙare ba a yarwa, sai a ɗauraye a riƙa ɗebo ruwan sha a ciki. Da yamma mai keke ya zo da ƙwayoyin ciwon jiki, ja da fari da rawaya, kowa ya saya ya watsa a baki. Haka ya yi 'yan shekaru. A gabana ya faɗi wannan duka, a gaban danginsa ma ya faɗa, aka yi dariya tare da shi.

Ciwon bai zo da hayaniya ba. Mutumin da kan share kwano ya nemi ƙari ya fara barin rabi. Ya ce bakinsa na masa ɗanɗanon ƙarfe, kamar ya tsotsi ƙusa. Na ji haushi, domin ba a taɓa ture mini abinci ba. Sai kasala ta biyo, sai ƙaiƙayi, yana susa har ya fasa fata. Ya ce fitsarinsa na kumfa kamar an kaɗa sabulu. Duk da haka ya koma gona, ya sake komawa. Zuwan da ya yi bai koma ba, da safe na ga fuskarsa ta cika, idanunsa sun shige ciki, ya zauna zai sa takalmi takalmin ya ƙi shiga.

Makon farko mun ɓata shi a wajen mai kemis. Ya ja fatar idonsa ya duba ya ce jini ne ya yi ƙasa, ya sayar mana da kwalbar maganin ƙarin jini mai zaƙi. Mako na biyu dangi suka ji, aka fara zuwa. Kowa likita ne. Wannan ya ce shawara ce, wancan ya ce basir ne ya hau sama, wani tsoho ya ce ya taka abin da aka binne. Har da maƙwabciyar da ta leƙo ta ce, "Kai, Isiyaka ya yi ƙiba, gona ta karɓe shi."

Sannan Yaya Memuna ta iso daga unguwar Kotobabi. Yayarsa ce uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta goye shi, mace mai babbar murya wadda tun da aka haife ta ba ta taɓa cewa "ban sani ba" ba. Ta zo da rubutu da kwalbar jiƙo baƙi ƙirin. Rubutu ban ƙi ba, ayar Allah ce. Jiƙon ne na tambaya me ke ciki.

Ta ce, "Magani ke ciki. Ke kin fi wanda ya haɗa sani ne?"

Ya sha don kada ya kunyata ta. Ya yini yana amai. Ta ce ai dattin ne ke fita.

A mako na uku na rufe tukunya na ɗauke shi a tasi zuwa ƙaramin asibitin unguwa. Mun bi layin kati, mun bi layin benci, rana ta yi zafi kafin a kira mu. Likitan bai tsaya dogon zance ba. Ya danna ƙwaurin Isiyaka da babban yatsa, ya ɗaga, ramin ya zauna nan kamar an danna tuwo. Ya rubuta mana takarda zuwa babban asibiti. Mata, ku koyi wannan, ba ya bukatar ilimi: ku danna ƙwaurin mijinku. In ramin bai tashi ba, kada ku tsaya sauraron kowa.

Babban asibiti gari ne guda. A ɗauki jini a wannan gini, a kai fitsari wancan, a je hoto a can baya, ko'ina a ce ku dawo gobe. Ina jan namiji mai nauyi da ba ya iya tafiya mai nisa sai ya jingina da bango. A nan zannuwan aurena suka fara tafiya ɗaya bayan ɗaya, rediyon Legas ya bi su. Da aka gama wahalar da mu aka ba shi gado.

Likitan ɗakin ya yi bayani da Turanci, wata nas mai suna Anti Esi ta juya mini. Bafantiya ce, 'yar ƙabilar bakin teku, Hausarta ta kasuwa ce, amma ta ishe ni. Ya ce ba shi da ciwon suga. Ya ce jininsa ya hau, amma a ganinsa ba hawan jinin ne ya fara ba, ƙodar ce ta jawo shi. Ya ce duka biyun sun tsuke, ya dunƙule hannunsa ya nuna mini. Kalma ɗaya ta maƙale mini, domin ya yi ta maimaita ta: kironik. Da ya fita na tambayi Anti Esi ma'anarta.

Ta dafa kafaɗata ta ce, "Kafra, yi haƙuri, 'yar'uwa. Ya daɗe a jiki, kuma ba ya komawa."

Na ji labarin akwai injin wankin jini, sai na tare likitan a baranda. Ya ce akwai, amma kaɗan ne, ana ajiye shi ne don wanda ƙodarsa za ta farfaɗo. Na tambaye shi nawa ne. Ya dubi zanen da ke jikina, ya girgiza kai. A lokacin na ji zafi. Yanzu ina gode masa, da wani ne da ya bar ni na sayar da tukunyata ma a banza.

Anti Esi ce ta koya mini jinya. Ba gishiri, ba kanwa, ba ɗanɗano, nama ɗan kaɗan. Ruwa a auna da kofi, kada a bar masa tulu. Ta nuna mini yadda zan shafa masa man kaɗanya don ƙaiƙayi, da yadda zan tokare shi da matashi ya iya numfashi. Ba addininmu ɗaya ba, ba yarenmu ɗaya ba, ba ta taɓa karɓar ko goro a hannuna ba. Allah ya saka mata.

Alhaji mai gona ya zo dubiya sau ɗaya. Turarensa ya riga shi shigowa. Ya kawo burodi da gwangwanin madara, ya tsaya a ƙarshen gado don kada babbar rigarsa ta taɓa komai, ya ɗaga hannu ya yi addu'ar da ta fi huɗubar Juma'a tsawo. Da ya shafa ya ce, "Lafiya ta Allah ce, Isiyaka. Ni ma nan da ka gan ni bayana na damuna." Isiyaka, da ko zama ba ya iyawa, ya ce masa, "Sannu, Alhaji." Kafin ya fita ya tambaya inda mijina ya ajiye bakin tankin feshi, wai sun neme shi ba su gani ba.

Wajen mako na biyar ne maganar ta juyo kaina. Na fito daga wanke kwano na tarar da Yaya Memuna da wasu mata biyu na danginsu a bakin gado. Ba ta rage murya ba da ta gan ni.

Ta ce, "Shi da bakinsa ya ce abincinta ɗaci yake masa. Mutum lafiya lau, ya ci a gida, ya kumbura. Yanzu kuma ta hana shi gishiri, ta hana shi ruwa. Ku gaya mini, wace mata ce ke hana mijinta ruwa?"

Na ce, "Yaya, likita ne ya ce."

Ta ce, "Likita ba shi ke shiga madafarki ba."

Mace da ta yi shekaru tana ciyar da rabin Nima a bakin titi, ba wanda cikinsa ya taɓa murɗawa, ita ce za ta zaɓi mijinta ta kashe, don ta gaji me? Tabarma? Amma magana in ta fita a Zango, irin unguwarmu, ba ta neman hankali, kunne kawai take nema. Kafin mako ya zagayo masu sayen wakyena sun ragu. Wata da na sani tun muna yara ta janye ɗanta daga gaban tukunyata.

Dangi suka yanke cewa daga ranar Yaya Memuna ce za ta riƙa kawo abinci. Ta kawo tuwo da miyar kuka da ta sha gishiri da kanwa da daddawa, ta zauna ta tsare shi ya ci. Anti Esi ta yi faɗa, Yaya ta jira ta juya baya ta ci gaba. Washegari cikinsa ya ɗaure kamar ganga, numfashi ya yi sama, sai da aka yi masa allura. Da rana Yaya ta sake zuwa da kwanonta. Isiyaka ya juya fuska ga bango.

Ta ce, "Ci mana, ƙanena. Na hannuna ne."

Ya ce, a hankali, domin magana ta fara yi masa nauyi, "Yaya, kin goye ni, ban manta ba. Amma in ba Adiza ce ta dafa ba, ba zan ci ba. In ita ke kashe ni, ku bar ta ta ƙarasa."

Ta tashi da kwanonta. A baranda na ji tana gaya wa mutane, "Kun gani? Ta shanye shi."

A wannan tsakanin ne masu bincike suka zo. Wata mace ce daga jami'a, siririya mai tabarau, tare da wani Bature jajir da gumi ke zuba masa. Suna bin gadaje suna tambaya. Da suka zo kanmu matar ta ja kujera ta zauna. Ina yake aiki? Wane ruwa yake sha? Wane magani yake fesawa, yana rufe hanci? Yana shan ƙwaya? Yana shan jiƙo? Ba wanda ya taɓa tambayarsa waɗannan, sai na ga ya ɗan farfaɗo, yana amsawa kamar mai ba da labarin tafiya. Ta ce likitoci sun lura ana kawo ma'aikatan gona daga wannan yanki, maza masu ƙarfi, ba suga ba komai, ƙodarsu ta lalace, shi ne suke so su gano dalili.

Na kama hannunta. Na ce, "Madam, ki zo Nima ki faɗi wannan a gaban dangin mijina. Ki ce gona ce."

Ta zare hannunta a hankali ta ce ba za ta iya ba. Wai ba su tabbatar ba tukuna. Mai yiwuwa ruwa ne, mai yiwuwa maganin feshi ne, mai yiwuwa zafin rana ne da rashin shan ruwa, ko ƙwayoyin nan, ko ma jiƙon gargajiya, ko kuma dukansu sun haɗu. Na ce, "To a cikin mai yiwuwar nan taki akwai matar mutum?" Ta yi murmushi ta ce babu. Na ce, "To wannan kaɗai ki zo ki faɗa." Ta ce za ta duba lokaci. Mai ilimi bai cewa a'a, sai ya ce zai duba lokaci.

Amma suna bukatar wanda zai nuna musu gonar, kuma na taɓa zuwa sau ɗaya kai masa kaya. Na bar Isiyaka a hannun Anti Esi na shiga motarsu. Sun yi wa Alhaji ladabi, sun aika masa tun da wuri cewa suna tafe. Abin da muka tarar ke nan: kowane lebura sanye da sabon takalmin roba mai tsawo, har da takardar kanti a jiki. Mai feshi ya ɗaure hanci da farin ƙyalle. An kafa rumfar kaba da ganyenta bai ko bushe ba, an girke duro mai sabon fenti cike da ruwan famfo. Galan ɗin magani ko ɗaya babu. Heluman gonar, shugaban leburori, yana ta washe baki yana cewa haka suke kullum. Baturen ya yi ta ɗaukar hoto yana gyaɗa kai.

Na zagaya bayan ɗakin ajiya don in kama ruwa, sai na ga mutum zaune a ƙasa an jingina shi da buhuna. Bukari ne, abokin aikin Isiyaka, wanda suke kwana ɗaki ɗaya. Sabon takalminsa na gefe.

Na ce, "Bukari, me kake yi a nan?"

Ya ce, "Heluma ne ya ce in zauna har baƙi su tafi. Takalmin ya ƙi shiga." Ya miƙo ƙafa. Ban bukaci in danna ba. Ya ce, "Yaya jikin ɗan'uwana?"

Na koma na jawo matar jami'a ta hannun riga. Heluma ya biyo mu yana cewa ai wannan malalaci ne kawai. A nan zan faɗi gaskiyarta: ta durƙusa a cikin turɓaya ta duba shi, ta daka wa heluma tsawa, ta buɗe bayan buhunan ta ga galan ɗin da aka ɓoye, ta sa aka saka Bukari a mota muka dawo da shi asibiti. Sun cika ƙananan kwalabe da ruwan fadama da ƙasa. A hanya ƙishi ya kama Baturen, ya buɗe gorarsa da ya zo da ita daga gida ya sha. Bai tabbatar da komai ba tukuna, amma bai sha na fadama ba.

Bayan 'yan kwanaki likita ya ce mu koma gida ya huta. Na riga na san abin da hutun asibiti ke nufi. Muka dawo ɗakinmu. Makonnin ƙarshe ba zan yi musu ado ba, domin wadda za ta shiga ta san abin da ke gabanta. Shaƙuwa ta kama shi ba ta saki. Duk abin da ya ci sai ya dawo. Fitsari ya ɗauke, numfashinsa ya koma warin fitsarin. Wani lokaci ya san ni, wani lokaci ya kira ni da sunan mahaifiyarsa, wani lokaci ya ce in cire masa tankin nan daga bayansa, ya yi nauyi. Sai in sa hannu a kafaɗarsa in yi kamar ina kwance igiya, in ce na cire. Ya ce, "Yauwa."

Yaya Memuna tana zuwa kullum, ta zauna a bakin ƙofa tana lura da hannuna. Ba ta taɓa ɗaukar fo ba, ba ta taɓa wanke zanen gado ba. Aikinta tsaro ne.

Ya cika wata Laraba da hantsi, kansa a cinyata, limamin unguwa na karanta masa kalmar shahada. Allah ya jiƙansa, ya sa ciwon ya zama kaffara. Mutumin kirki ne, bai taɓa ɗaga mini hannu ba.

Alhaji ya aiko da buhun shinkafa don sadakar uku, daga gonar. Aka dafa, aka ci, aka sa masa albarka. Masu cewa hannuna na da dafi ba su bari na taɓa tukunyar ba, kuma na gode musu, domin da ma ba zan taɓa ba.

Ina cikin takaba Bukari ya rasu a asibiti. Baƙo ne daga arewa, ba mata, ba dangi a Accra, samarin masallaci ne suka yi masa sutura. Da matan gidanmu suka kawo mini labarin na ce su je Kotobabi su tambayo mini wace mata ce ta dafa wa Bukari. Ba wadda ta je. Amma daga ranar na ga an fara gaishe ni da cikakken baki, wadda ta janye ɗanta ma ta aiko shi da sabulu. Ba wanda ya ce mini yi haƙuri. A Zango ba a janye magana, sai dai a daina maimaita ta.

Matar jami'a ta zo, bayan an gama komai. Ta nemo gidan da ƙyar, ta zauna a kan tabarma, ta yi ta'aziyya yadda ya kamata. Na tambaye ta kwalaben. Ta ce an aika wasu waje, ba su dawo ba, Baturen ya koma ƙasarsu, kuɗin aikin ya ƙare. Har yanzu ba su tabbatar ba. Na ce to me zan gaya wa matan da mazansu ke can? Ta ce su sha ruwa mai tsabta da yawa, su huta a inuwa in rana ta take, su rufe jiki in za su yi feshi su yi wanka bayansa, su bar galan ɗin magani, su rage ƙwayoyin nan. Na ce, "Madam, ruwan da inuwar duk a hannun Alhaji suke. Shi za ki gaya wa." Ta ce ta rubuta masa. Na san inda takardar ta ƙare, mai ƙosan ƙofar gidansa ba ta rasa abin naɗi. Duk da haka ga shi na isar muku da saƙonta, domin shi kaɗai na samu a madadin miji. Ban raina matar ba kamar yadda na raina sauran. Ita dai ta ce ba ta sani ba, kuma a duk jinyar nan ita kaɗai na ji ta faɗi haka.

Ranar da na fita takaba dangi suka taru a tsakar gidanmu. Ana cikin cin abinci sai ga ɗan aiken Alhaji. Ya gaishe da kowa, ya ce Alhaji bai manta da gidan Isiyaka ba. Gurbin mai feshi na nan ba a cike ba, kuma ya ji Yaya Memuna na da ɗa, Mumuni, magidanci mai 'ya'ya biyu da ke zaman banza tun da aka rufe masana'antar da yake aiki. Alhaji ya ce a ba shi, alheri ya tsaya a cikin dangi. Maza suka fara "madalla, madalla." Mumuni ya gyara zama, fuskarsa ta washe.

Yaya Memuna ta ajiye cokali. Ta ce, "Ba zai je ba."

Mumuni ya ce, "Mma, aiki ne fa."

Ta ce, "Na ce ba za ka je ba. Ko za mu ci ƙasa, ba za ka taka gonar nan ba."

Ina zaune a bakin ƙofata da sabon zanen da aka ba ni na fitar takaba. Ban ɗaga murya ba.

Na ce, "Don me, Yaya? Ki bar shi ya je mana. Ai ba ni zan riƙa dafa masa ba."

Ta dube ni. Ta ja mayafinta ta rufe fuska. Matan da ke gefenta suka hau ba ta haƙuri, wai kukan ƙanenta take yi. Ni dai na tashi na shiga ɗaki na jiƙa wake, domin gobe da safe akwai kasuwa.